Shekarar da Yaya Sale Ya Leƙa Rumbu

Zafin Dubai ba irin namu ba ne. Namu daga sama yake dukan mutum, nasu kuwa jiƙe yake da gumin teku, kamar an yafa maka zanen da aka tsoma a ruwan zafi. Shekara da shekaru ina zuwa garin nan saro kaya, ban taɓa yarda wannan watan ya same ni a nan ba sai bana. Kwantenata ce ta ƙi fita, mai kagon da ke mini jigilar kaya kuma kullum sai ya washe mini baki ya ce, "Bukra inshallah, Hajiya." Bukrarsa, wato gobe-gobensa, ita ce ta zaunar da ni a Al Ras har zafi ya cim mini. Ga shi kuma na ɗauko ramuwar azumi, wai in sauke kafin Babbar Sallah. Ni dai ban san abin da ya kai ni ba.

Ran nan da hantsi na hau abra, ɗan jirgin ruwan nan na katako, na tsallaka Bur Dubai wajen masu yadi. Tun daga bakin layi na ga abin ba yadda na saba ba. Indiyawan da kullum suke jan hannun mutum ya shiga shago, yau ko kallo ban ishe su ba. Sun yi cincirindo a kan wayoyi, ana ihu, ana rungumar juna, ana raba alawa a faranti.

Salbam ne ya hango ni. Shi ne yaron shagon da nake sayen leshi, ya daɗe da Hausawa har ya tsinci Hausar kasuwa.

"Hajiya! Zo, zo! Yau babu ciniki, yau farin ciki!"

Ya miƙo mini alawa, na ce ina azumi. Sai ya miƙo waya. Na ga samari sun hau wani ƙaton allo mai hoton mutum, suna tuttula masa madara tun daga ka.

Na ce, "Madara? A kan katako? Ina dalili!"

Ya yi dariya har da dafe ciki. Ya ce mutumin ɗan fim ne na jiharsu, ya kafa sabuwar jam'iyya, aka yi zaɓen majalisar jiha, ya kayar da tsofaffin 'yan siyasa ƙasa warwas.

Na ce, "To, kai ka san shi ne?"

"Hajiya, tun ni yaro! Kowane fim, talaka kuka, shi zo." Ya matso kusa, ya rage murya kamar zai ba ni sirri. "Ƙanina, biza ta fito, tikiti akwai, zai zo Dubai aiki. Jiya waya. Ya ce khalas, shi ke nan, ba Dubai. Ya kwance jaka. Yanzu gida gyara."

Wallahi duk zafin nan, sai na ji sanyi ya ratsa bayana. Da haka muka fara, in ji kuturu da ya ga mai kyasbi. Me zan ce wa ɗan mutane ranar murnarsa? Na karɓi alawar ya naɗe mini a takarda, na fito ban ma taya leshin ba. Ina zaune a abra, ruwa na dukan gefen jirgi, ƙishirwa ta ɗaure mini maƙogwaro, amma ni ba a Dubai nake ba. Ina ƙauyenmu, shekara arba'in da wani abu baya, a shekarar da Yaya Sale ya leƙa rumbu.

A shekarar azumi ya faɗo daidai farkon damina, in dai za a kira abin da aka yi damina. Shekarar da ta gabace ta ma ba a samu na kirki ba, mutane sun shiga rani da abin da bai kai ya kawo ba. Ni kuwa ina gidanmu wankan jego na ɗan fari. Innarmu ta riga ta rasu, don haka da na ɗan ji ƙarfi, girkin Baba da dakansa duk suka dawo hannuna.

Ruwa ya sauka sau ɗaya, mai kyau, har ƙasa ta yi ƙamshi. Gari ya fita da sungumi, maza na sara, mata da yara na bi suna jefa iri suna takewa. Gero ya tsiro, ya yi kunne biyu, sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mu fito da tukwane mu jera a ƙarƙashin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi. Shukar ta ƙone tana tsaye. Aka fita roƙon ruwa, tsofaffi sun juya riguna bai-bai, aka dawo. Da aka samu yayyafi aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, kowa gabansa na faɗuwa.

Rijiyar gari ta ja baya har sai da aka ƙulla igiyar gida uku kafin guga ya taɓa ruwa, abin da zai fito kuma rabinsa laka. Da asuba za mu tafi, mu dawo rana ta take, a zuba a randa a jira ya kwanta. Ana cewa azumi goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin Sallah. Mu a shekarar duk na wuya muka yi. Maza su wuni a gona suna noman abin da ba su da tabbas, da rana tsaka su dawo su kwanta a inuwar masallaci, sun jiƙa riga sun rufe fuska. Mata mu shiga jeji neman tafasa da yaɗiya. A dafa, a matse, a barbaɗa gishiri, in an samu ƙuli-ƙuli ranar an yi sa'a. Kunun buɗa baki tsamiya ce da ruwa, garin ciki sai dai a ce an nuna masa. Akwai gidajen da suka fara dafa dusa. Akwai waɗanda na gani da idona suna tona gidan tururuwa don su kwashe hatsin da ta tara.

Amma gari bai watse ba, kuma dalili ɗaya ne: rumbun Baba.

Babban rumbu ne na ƙasa, a bayan gidanmu, ya fi katanga tsawo, jinkar da ke rufe bakinsa ana hango ta tun daga hanyar kasuwa. Baba manomi ne na ji da gani, an san shi da ajiye hatsin shekara uku bai taɓa ba. A al'adarmu kuwa rumbu sirrin maigida ne. Mace ba ta leƙawa, ɗa ba ya leƙawa, maƙwabci ko tambaya ba ya yi. Maigida ne kaɗai zai ɗora tsani, ya ɗaga jinka, ya shiga, ya fito da abin da za a ci. Don haka babu wanda ya san abin da ke ciki, kowa dai ya sa a ransa cewa in abu ya kai maƙura, Malam, wato Baba, ba zai bari a mutu ba.

Ni mai daka na lura da abu ɗaya. Da can dami Baba yake fitowa da shi, mu sussuke mu sheƙe. A shekarar sai ya koma miƙo mini tsaba a 'yar jaka, kuma jar dawa, alhali mu gero da farfara muke nomawa. Na taɓa yi masa magana, ya ce tsohuwar ajiya ce a ƙasan rumbu. Na ce to. Mai jego da yunwa, wa ya ga ta tsaya binciken launin dawa?

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan da ƙawata Lantana take aure. Tare muka taso, tare muka yi tallan fura, kuma kwana kaɗan ne tsakanin haihuwata da tata. Ita ma namiji ta samu, aka sa masa Sabo. Sai dai ni ina samun tuwon dawa sau ɗaya a rana, ita kuwa ganye take ci, nono ya fara ɗaukewa. Yaron zai kama ya tsotsa ya tsotsa, ya saki ya yi wani kuka siriri. Ina jin sa ta katanga.

Mijinta Ilu ba rago ba ne, kuma ba wawa ba. Azumi ya raba tsakiya ya sayar da jakinsa, ya ce kudu za su tafi, wajen wani kawunta da ke noman doya, inda aka ce ruwa bai yi musu rowa ba. Lantana ta shigo ta yi mini sallama, ta ba ni ajiyar turminta da tukunyar ƙarfe. Kayansu a ɗaure suke a zaure, motar ranar kasuwa kawai suke jira.

Kwana biyu kafin ranar kasuwar Yaya Sale ya iso.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana yaro ba ya iya zama bai kwaikwayi wani ba, limami, mai unguwa, har tafiyar Baba, ya sha bulala a kan haka. Ya gudu birni, ya shiga 'yan wasan kwaikwayo na talabijin. Gwamnati ta ajiye akwatin talabijin ɗaya a ƙofar gidan dagaci, duk ranar da ake wasansu gari kaf yake tafiya. Yana fitowa ne a matsayin wani attajirin ƙauye, Alhaji Ɗebi-da-kanka. Duk yadda labari ya karkata, a ƙarshe sai ya hau rumbu, ya yaye jinka, ya juyo da wata fuska tasa mai cike da annuri, ya daki cikin rumbun da tafin hannu ya ce, "Ku kawo ƙwarya!" Sai wurin kallo ya kaure da sowa. Tsofaffin garinmu har addu'a suke yi wa Alhajin, sun manta Salen da suka yi wa dukan satar mangwaro ne.

To, shi da abokan wasansa da wasu malaman makaranta suka haɗa sabuwar jam'iyya, suka tsayar da shi takarar majalisar jiha a yankinmu. Ya zo da mota mai lasifika, sanye da babbar rigar da yake wasa da ita. Kai, jama'a! Mutanen da ba sa iya ɗaga kai don yunwa sai ga su suna gudu a bayan mota. Suka rako shi har ƙofar gidanmu, suka cika zaure, suka malala har tsakar gida, mata a baya da goyo.

Ya yi jawabi, ban riƙe ko kalma ɗaya ba. Abin da na riƙe shi ne muryar wani daga cikin taro.

"Alhaji Ɗebi! A talabijin kullum kana buɗe rumbu. To, ga na ubanka nan!"

Aka yi dariya, sai dariyar ta koma kira. "A buɗe! A buɗe!" Yaya Sale mutum ne da in taro ya ɗaga shi ba ya jin ƙasa. Shi ma a ransa rumbun cike yake, a cikin wannan yaƙinin ya girma. Kafin a ankara ya naɗe hannun riga ya ɗora tsani, ya fara takawa.

Baba na zaune a kan buzu a gindin katanga, carbi a hannu. Na ga yatsunsa sun tsaya. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kai. Sauko."

Hayaniya ta danne maganar. Ni da ke kusa na ji, Yaya bai ji ba.

Ya hau, ya tura jinkar gefe, ya zura kansa har kafaɗa. Gidan ya yi tsit, sai kukan Sabo a bayan uwarsa. Ya daɗe a haka. Ya daɗe har wata tsohuwa ta ce, "Ko faɗawa ya yi?"

Abin da ya gani, sai bayan shekaru masu yawa ya gaya mini da bakinsa, yana kwance a ciwon da ya tafi da shi. Ya ce, "Asabe, ƙasan rumbu na gani. Ƙasa fetal, da kashin ɓera, da 'yan zangarnu a lungu waɗanda ba za su cika faifai ba." Ashe tun shekarar baya mutane ke zuwa wajen Baba ɗaya bayan ɗaya, a ɓoye, wannan matarsa ta haihu, wancan ba shi da iri. Ba ya iya cewa babu, kuma ba ya gaya wa kowa ya ba wani. Kowa ya ɗauka shi kaɗai aka ɗebar wa, kuma tunda shi an ba shi, to lallai akwai da yawa. Garin ne ya cinye rumbun bai sani ba. Dawar da nake dakawa kuwa, rigunansa da awakinsa yake kaiwa kasuwa mai nisa ya sayo, ya hau da ita a ƙarƙashin riga, ya sauko da ita a hannu.

Yaya ya ce mini, "Ina cikin duhun nan na ji duk garin yana numfashi a bayana. Na tuna tsohon nan a kan buzu. In na juyo da fuskata ta gaskiya, na tsiraita shi a gaban mutanen da suke durƙusa masa. Sai na ɗauko ɗaya fuskar."

Ni shaida ce, ya ɗauko ta. Ya fito da kansa a hankali, ya juyo, annurin nan na talabijin ya cika masa fuska. Ya yi dariya, ya daki cikin rumbun da tafin hannu. Bai rantse ba, yana azumi, kuma bai ce cike yake ba. Ya ɗaga zangarniyar gero guda ɗaya sama ya ce:

"Jama'a, kun ga wannan? To, ku kwantar da hankalinku. Amma ba yau ba. Ku manoma ne, kun fi ni sani, yunwar gaske tana gaba, lokacin da hatsi ke tsaye a gona ba a kai ga yanka ba. In muka buɗe yau, ranar me za mu buɗe? A yi Sallah, a yi zaɓe. Ranar da na ce ku kawo ƙwarya, ku kawo."

Ya cilla zangarniyar cikin taro, ya mayar da jinka. Mata suka rangaɗa guɗa da busassun maƙogwaro. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Mun tambaya, ta ba mu amsa, muka yarda. Ni ƙanwarsa da na san duk ƙaryar da ya taɓa yi tun yana yaro, har hawayen daɗi na yi.

Da yamma Lantana ta leƙo ta katanga, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin azumi.

"Asabe, miƙo mini turmina. Mun fasa."

"Kun fasa tafiyar?"

"Malam Ilu ya ce wa zai bar rumbu a bayan katangarsa ya tafi cin arzikin surukai? Ya kwance kaya. Kuɗin motar ma hatsi zai sayo mana, ya kai mu zuwa ranar."

Na miƙa mata turmin ina murna ƙawata ba za ta tafi ba. Ba su kaɗai ba ne, gidaje da dama da suka ɗaura niyya sun kwance a daren. Yaya kuwa ko ruwa bai tsaya sha da mu ba, ya ce ana jiran sa a gari na gaba. Na ga ya durƙusa gaban Baba zai yi sallama, babu wanda ya kalli wani a cikinsu.

Ɗan farin nawa, wanda ba na faɗin sunansa, yanzu a nan Dubai yake aiki, yana zaune a Karama da iyalinsa. Ranar da na dawo daga wajen Salbam can na je shan ruwa. Firji a cike, yara na ture shinkafa wai ta huce. Na ba shi labarin Indiyawa, ya ce, "Hajiya, siyasar Indiya ce fa, me ya dame ki a ciki?" Na dube shi, ƙato, har furfura ta fara fito masa a gemu. Duk sanda na dube shi da kyau sai na ga mutum biyu, don da shi da Sabo kwana kaɗan ne tsakaninsu. Na ce masa babu komai, ya ƙara mini ruwa.

A ƙauyenmu kuwa, a waccan shekarar, aka yi Sallah babu wanda ya ɗinka sabo. Ruwa ya ci gaba da wasa da mu, ya zo yau ya ɓace kwana da kwanaki. Shuka ta biyu ta tashi a tsugune, gero bai kai ƙugu ba ya fara fitar da kai. Ana gayya a gona ba tuwon gayya, mutane su nome kunya biyu su zauna su huta. Hatsin Ilu ya ƙare tun kafin zaɓe.

Ranar zaɓe garinmu ya fita kaf. Na ga waɗanda aka riƙo a kafaɗa, na ga tsohuwar da ta faɗi a layi aka yayyafa mata ruwa ta tashi ta koma. Lantana na gabana da Sabo a baya, kansa na lilo. Ba Sale suka zaɓa ba, Alhaji Ɗebi suka zaɓa. Ya ci, jam'iyyarsu ta kwashe kujerun yankin gaba ɗaya, manyan da suka saba ci suka sha ƙasa. Da labari ya zo ta rediyo yara suka zaga gari suna kaɗa ƙwarya da ludayi. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Daga nan sai jira. Yaya na birni. Daga baya na ji yadda ya yi ta bin ofisoshi da gidajen attajirai yana neman hatsin da zai zo ya zuba a rumbun a ɓoye. Ko'ina sai a tashi a karɓe shi da dariya, a ce ya ɗan yi musu "ku kawo ƙwarya", a ce ya bari a rantsar da su tukuna. Wa zai ba ɗan wasa buhun gero a shekarar da buhu ya fi mutum daraja?

Lantana kullum tana gidanmu. Ba ta taɓa roƙo ba. Za ta zauna a bakin murhu ta taya ni tsince ganye, idonta na kan rumbu. Sabo ya daina kukan ma. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, fatar hannu kuwa kamar ta tsoho. Na sha karɓar sa in ba shi nono, amma abin da ke jikina nawa ma bai ishe shi ba. Wata rana na kasa daurewa, na sami Baba na durƙusa.

"Baba, yaron Lantana zai mutu. A ɗebar musu ko ƙwarya ɗaya ce, ba sai an jira ranar ba."

Ya tashi, ya ɗora tsani, ya hau da kyar, ya sauko da 'yar jakar nan ya ce in kai mata duka. A ranar da washegari cewa ya yi cikinsa ba daɗi, ba zai ci komai ba. Ni kuwa a raina har haushinsa na ji. Na ce tsohon nan da taurin hannu yake, rumbu guda a gabansa yana auna wa mai jego da jaka.

Dawar ta zo a makare. Sabo ya rasu wata safiya, ana yayyafin da ba ya jiƙa ƙasa. Ilu ya ɗauke shi a hannu cikin ɗan ƙyalle, ko makara ba a nema ba. Ba shi kaɗai ba ne a watan, amma shi ne wanda na san nauyinsa.

Bayan wannan dattawa suka aika wa Yaya cewa abin ya isa. Aka sa rana, Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Rana ba ta ƙarya. Mata suka wanke ƙore suka kife a rana. Yaya ya iso ranar Alhamis da hantsi, shi kaɗai, a motar haya, ba lasifika, ba babbar riga, ba ko buhu ɗaya. Ya rame kamar shi ne ya yi jinya. Suka shige bayan gida shi da Baba, ni kuma na tafi rijiya.

Ina kan hanyar dawowa da tulu, bayan azahar, na hango hayaƙi a saman gidanmu.

Jinkar rumbu ce ke ci. Kafin in iso ta rufta ciki, wuta na fitowa ta bakin. Gari ya taho a guje, maza daga gona, mata da tuluna. Ruwan da muka wuni muna ja, wanda ko wanka ba ma yi da shi, aka yi ta watsawa. Ana salati, ana kuka, wata na birgima a ƙasa tana cewa shi ke nan mun mutu. Baba na tsaye riƙe da katanga. Yaya na gefe, hannuwansa a sake, fuskarsa babu komai a cikinta. Har yau ban san wanda ya kyasta ashanar ba a cikinsu, ban kuma taɓa tambaya ba. Abin da na sani, daga ranar Yaya bai sake tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoto ba. Majalisar ma 'yan watanni suka yi sojoji suka kore su, ya ƙare rayuwarsa yana sayar da kayan keke.

Wutar ba ta daɗe ba. Nan da nan ta lafa, ta mutu.

A nan ne kukan ya fara raguwa, ba don an haƙura ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda rumbun hatsi yake ƙonewa. Kwana da kwanaki yake yi yana cin ciki, hayaƙinsa mai nauyi, ƙaurinsa ya kama tufafi, ya kai har gari na gaba. Wannan kuwa warin ciyawa ne kawai, irin na bukkar da ta kama. Ina tsaye da tulu a hannu na ji hancina ya gaya mini abin da jar dawa ta yi wata da watanni tana gaya mini. Na dubi fuskokin mutane, na ga kowa ya ji abin da na ji.

Babu wanda ya ce uffan. Wani saurayi ya nufi tsani zai hau ya ga ko akwai abin da za a tsira da shi, sai limaminmu ya riƙe masa hannu. Ya ɗauke tsanin da kansa, ya kwantar da shi a gindin katanga. Sannan ya juya wajen Baba ya ce, "Malam, sannu da wannan asara. Hatsin shekara uku! Allah ya mayar da alheri."

Aka amsa da amin. Haka aka yi ta shigowa jaje har washegari, ranar da aka ce a kawo ƙwarya. Kowa zai durƙusa ya jajanta hatsin da ya san babu shi, har da masu cewa ai sun ga tsawon wutar, lallai dami ya yi yawa a ciki. Da yawansu sun tuna asubar da suka zo a ɓoye aka ɗebar musu. Baba na amsawa da kai, bai iya ɗaga ido ba. An rufa masa asiri, rufin da ya fi tonawa ciwo.

Lantana ce ta zo a ƙarshe, da la'asar, bayan mutane sun ragu. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baba, ya muka ji da wannan abu? Allah ya kiyaye gaba." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta tashi, na bi ta in taka mata.

A zaure ta tsaya, inda babu kowa. Ba ta kalle ni ba.

"Asabe, ko ƙanzo ne ya kama a tukunyarku, daga ɗakina nake jin ƙaurinsa."

Na jingina da bangon zaure.

"Jiya ban ji komai ba." Ta dubi ƙofa. "Ni ban ce a ba ni ba. Da dai an ce mana babu. Da yanzu muna kudu, yana zaune."

Ta gyara ɗaurin zaninta za ta tsallake dokin ƙofa, ta kai hannu baya don ta tallafe goyo kamar yadda ta saba. Hannun ya tsaya a bayanta. Sannan ta sauke shi a hankali, ta fita.